Kwalbar Man Zurma

A kasuwar Sheme suka fara ganin juna, shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka cika gari da babura da rediyo. Lawwali malamin kimiyya ne a firamaren Faskari, ya shigo yana neman man zurma. Safara'u kuwa ɗalibar kwalejin horon malamai ce, ta zo hutu ta zauna wa kakarta a rumfa. Ta tambaye shi wa ke ciwon ciki a gidansu. Ya ce jirginsa.

Sai da ta gama dariya ya yi mata bayani a natse. Jirgin wasa ne da ya sassaƙa da tukurwa, ana riƙe shi da siraran wayoyi biyu, yana zagaya mutum yana alkafura a sama. Ɗan injinsa sifirit yake sha, amma sai an gauraya da man zurma, in ba haka ba ya yi zafi ya cije.

Daga ranar kekensa ya san hanyar Tafoki, garinsu Safara'u. Sau uku take tace man da farin ƙyalle kafin ta ba shi. Ta ɗinka wa jirgin ɗan tuta na wutsiya, da sunanta da jan zare. Yana ce mata Injiniyata, tana ce masa Matuƙi. Ya yi mata alkawari ranar nunin amfanin gona a Ƙanƙara, da man nata jirgin zai tashi, da sunanta a bayansa.

Mahaifinta, Malam Barau, ya ce ba ya ba da ɗiyarsa ga mai gemun da ke wasan yara. Safara'u, wadda ba ta taɓa mayar masa da magana ba, ta durƙusa ta ce, "Baba, wasan nasa kake gani. Ni ban taɓa jin ya faɗi magana ya canza ba." Tsohon ya ce to, a jira a gani.

Ana saura mako biyu a yi nunin, Nata'ala abokin Lawwali ya dawo daga Kaduna da injin lantarki da ƙananan batura waɗanda ake caji da batirin mota. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba maiƙo a fiffike, ba buga farfela da yatsa har ta yanke mutum. Aibinsu ɗaya, nauyi. Lawwali ya shiga rage duk abin da zai ragu a jikin jirgin.

Ran Laraba da la'asar Safara'u ta biyo ta filin makaranta da sabuwar kwalba. Tutar ta fara gani, an yanke ta, tana ƙarƙashin benci cikin ƙura. Kafin ta yi sallama ta ji muryarsa yana ce wa Nata'ala ai shi ya huta da man ƙauye mai ɓata riga.

Ta ajiye kwalbar a kan bencin, ta juya. Washegari takarda ta iso:

"Malam Lawwali, ga manka nan na bari, na riga na tace. A gaban mahaifina na tsaya maka. Ban san nauyin sunana ya kai a yanke shi ba. Kada ka zo Tafoki."

Ya karanta har ya haddace. Kalmar Matuƙi ba ta ciki.

Da suka gwada jirgin lantarkin, ya tashi lafiya, yana zagayawa shiru abin sha'awa. Amma duk lokacin da ya ɗaga masa hanci don alkafura, sai nauyin batura ya janyo shi ƙasa. Nata'ala ya ce abin mai sauƙi ne, a mayar da tsohon injin, ga mai nan a ajiye, in ya ci gasa a wurin nunin yarinya za ta huce.

Lawwali ya daɗe riƙe da kwalbar. Ya gane in ya buɗe ta, har abada Safara'u ba za ta san ko ita ya koma wa ko man ba. Ya mayar mata da ita a rufe, da takarda:

"Injiniyata, na ci amanarki, ba ni da hujja. Ban cancanci mankin nan ba. Tutar tana aljihuna."

A Ƙanƙara an riga an yi shelar jirgi mai alkafura. Jama'a suka yi da'ira, har da mutanen garin Sabuwa. Jirgin ya yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, batir ya ƙare, ya sauka. Aka yi ta ihun dariya.

Malam Barau ya kawo masara nuni, ya ga komai, dama kuma ya ga kwalbar da ta dawo gidansa. Ya kira Lawwali gefe ya tambaye shi dalili. Lawwali ya faɗa masa duka, har maganar man ƙauye, kansa a ƙasa. Tsohon ya ce shi ya ji, amma ba shi aka yi wa ba.

Wata guda Lawwali yana sallama a ƙofar gidansu, Safara'u ba ta fito ba. Ranar da ta fito zaure, allura da jan zare ta miƙa masa.

"Kai ka yanke, kai za ka ɗinke."

Ya soke yatsa sau huɗu. Ɗinkin ya fito a karkace. Ta duba, ta ce, "Matuƙi, ko ɗan aji ɗaya ya fi ka," sai hawaye suka biyo dariyar.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Tafoki. Da yamma, a fagen sussuka, amarya ta buɗe kwalbar nan da hannunta. Injin ya ɗauki ƙara, ƙamshin zurma ya cika wurin, jirgin ya yi alkafura uku da karkatacciyar tutarsa. Malam Barau ya riƙe hularsa yana kallon sama, ya ce Allah shi yi masu albarka, shi ba su zaman lafiya. Aka ce amin.