Lambun da ke Bangon Mairama

Ana gab da kiran sallar magariba, lokacin da ma'aikatan kamfanonin Sharada ke kwararowa gida, wasu a ƙafa wasu a adaidaita-sahu, Mairama tana tsakar gida tana kwashe tuwo. Komai yana nan yadda ya saba. Injin wani kamfani yana gurnani can nesa, iska tana kawo ƙaurin roba, maƙwabta suna kiran yaransu su shiga gida. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufin falo.

Ta ɗaga kai, ta ce a ranta yaran unguwa ne. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali kamar ana jansa da hannu. Wanda ya biyo baya bai taɓa kwano ba ko kaɗan. A cikin falon ya faɗi, alhali ƙofa a rufe take, taga ma a rufe.

"Ummi," ta kira 'yarta. "Ke ce a falo?"

Ta ajiye mara, ta goge hannu a zani, ta tura ƙofar. Cikin duhun da ya fara taruwa ta ga Ummi, 'yarta tilo, budurwa, tsaye ta ba ta baya, goshinta ya kusa taɓa bango, tana shafa takardar da aka liƙa masa da tafin hannu. Mairama ta kai hannu ga makunnin wuta.

"Kar ki kunna," in ji Ummi, da wata murya mai kauri wadda uwar ba ta taɓa ji ba. "Haske yana cinye masa launi."

Bangon nan da tarihinsa. Mairama tana da ƙanwa, Hafsat, uwa ɗaya uba ɗaya. Allah ya buɗa wa mijin Hafsat a harkar kayan roba, suka tare a wani katafaren gida a Bompai. Ranar sunan autarta, mata suka cika falon suna ta yaba takardar bangon da aka kawo mata daga Turkiyya, mai sheƙi kamar an zuba mata ruwan gwal. Mairama tana raba abinci ta ji wata tana tambayar ta kusa da ita, "Wai wannan ce yayarta?" Ba ta juya ba. Amma ta koma Sharada da wani abu mai zafi tokare a ƙirji. Ba ta fatan sharri ya sami Hafsat, haka take gaya wa kanta. So take dai sau ɗaya a duniya Hafsat ta shigo gidanta ta saki baki.

Mijin Mairama, Baffa, direban babbar mota ne. Kamfaninsu ya sayi wani tsohon gidan manaja a Bompai, wanda ya daɗe a kulle tun zamanin da masaƙu suka durƙushe, za a rushe a gina sito. Wajen kwashe shara suka tarar da naɗe-naɗen takardar bango a ɗakin ajiya. Gara ta cinye katakon da suke kai, amma ba ta taɓa su ba. Baffa ya kwaso su don a riƙa shimfiɗa wa buhunan hatsi.

Mairama ta warware su a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya. Akwai ruwan ƙasa mai ratsi-ratsi, ta ce wannan sai ofis. Akwai mai manyan furanni shuɗɗa, ta ce ya cika hayaniya. Sai ta buɗe na ƙarshe. Kore ne shar, mai duhu, rassa sun sarƙe da juna, 'ya'yan rumman jajaye suna leƙowa ta tsakanin ganye. Ba ya sheƙi. Laushi gare shi kamar tsohon yadi, kuma wani ƙamshi yake yi mai sanyi, irin na akwatin tsohuwa.

Ta aika aka kira Joshuwa, maƙwabcinsu mutumin Kagoro, wanda ke aikin kujeru a Challawa, yana kuma liƙa takardar bango ranar Lahadi bayan an tashi coci. Ya murza gefenta da yatsa ya girgiza kai.

"Maman Ummi, wannan ta girme ni. Yanzu irinta masu kuɗi ke nema ba sa samu. Amma kar ki sa a duk ɗakin, za ta haɗiye shi. Bango ɗaya, bayan doguwar kujera. Sauran a yi masa fenti ruwan madara."

Haka aka yi. Ya dama gam, ya yi ta daidaita reshe da reshe har ba a gane inda aka haɗa. Mairama ta sauke labulayenta masu nauyi ta sa farare marasa ado. Ta cire farin ƙwan lantarki ta sa mai ruwan ɗorawa. Ta fito da tasoshin tagulla na gadon mahaifiyarsu, ta goge su da tsamiya da toka, ta jera a ƙasan bangon. Falon da ko baƙo ba ta son sakawa a ciki ya koma kamar lambu bayan ruwan sama.

Ranar walimar saukar karatun Ummi, Hafsat ta shigo da ƙamshin turarenta da mukullin mota a hannu, sai ta tsaya cak a bakin ƙofa.

"Yaya, ina kika samo wannan?"

"Tsoho ne," in ji Mairama, tana gyara zaman wata tasa. "Ba a sayar da irinsa."

Daɗin da ta ji a ranar ya fi na ita saukar karatun, ko da yake ba za ta taɓa faɗa ba. Ummi ta sha kwalliya ta jingina da bangon, aka yi ta ɗaukarta hoto, hotunan suka zaga wayoyin dangi. Kowa ya gani sai ya ce lambun Mairama, ya ce yarinyar kamar a cikinsa aka haife ta. Ba a yi mako ba jifan ya fara.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana ta yi ja sai duwatsu su fara sauka, in an ɗauka a ji su da ɗumi. Wani lokaci a ji kamar mace tana gunaguni a bayan bangon, inda babu komai sai lungun da ake zubar da ruwan wanki. Ummi ta daina cin abinci. Ta daina zuwa ɗakinta, sai ta zauna a ƙasa ta manna kunci da takardar. Ta goge hotunanta duka daga waya. Wata maƙwabciya ta zo dubiya ta kai hannu za ta taɓa wani rumman, Ummi ta riƙe mata wuyan hannu har sai da matar ta yi ƙara. An kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba.

"A ɓare takardar nan," in ji Baffa.

Mairama ta ce, "Haba Baban Ummi, me ya haɗa takarda da ciwo? Baki ne kawai ya kama yarinyar nan. Tun ranar walima na ga irin kallon da wasu ke yi mana."

Washegari bayan la'asar Baffa ya zo da Malam Zakariyya, wani dattijo daga ƙauyen Challawa da aka sani da karatu a kan masu irin wannan lalura. Hafsat ma ta zo, don an gaya mata jikin ya tsananta.

Malam ya zauna a kan buzunsa, ya sa aka lulluɓe Ummi da mayafi, uwa da ƙanwar uwa suka riƙe ta. Ya fara karanto ayoyin tsari a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Hasken taga yana raguwa. Jifan ya fara, ya yi yawa kamar ƙanƙara, sannan ya ɗauke ɗif. A cikin shirun nan Ummi ta yi dariya, dariyar tsohuwa.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Mai lambun."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ta tsaya a gabansa." Muryar ta yi rawa, kamar mai shirin kuka. "Tun da masu gidan suka tafi suka kulle ƙofa, ni kaɗai nake. Ba ni da kowa, ba ni da komai sai shi. Ni na kore masa gara. Ni na hana damina ta taɓa shi. Kullum da yamma in warware in kalla in naɗe. Sai aka rushe mini ɗaki, aka kwaso shi, aka yanka shi da wuƙa. Na biyo shi na yi shiru, na ce ko kallo na riƙa yi. Sai mata suka cika ɗakin nan suna cewa lambun Mairama, lambun Mairama. Suna cewa yarinyar ta fi shi kyau. Babu wanda ya tambaya wa ya raine shi."

Mairama ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ba muryar ce ta fi ba ta tsoro ba. Zafin da ke cikin maganar ne, don ta san shi sarai, ta san inda yake zama a ƙirji.

"An taɓa miki kaya ba da sani ba," in ji Malam. "Amma ba ki da haƙƙi a kan jikin baiwar Allah. Zalunci kike yi. Ki fita."

"Uwarta ta ɗauki nawa, na ɗauki nata. A bar mini yarinyar, ita uwar ta riƙe bangon."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Ummi ta yi ta mimmiƙewa, gumi yana keto mata, har muryar ta koma ihu: "Ya isa! Ya isa, za ka ƙona ni! A ba ni kayana in tafi."

"Gidan da kika baro an rushe shi."

"Akwai kangon masana'antar fata a bayan Challawa, inda ba mai shiga. A kai mini can. Duka. Wanda aka liƙa da wanda ba a liƙa ba."

A nan ne bakin Mairama ya riga hankalinta. "Allah gafarta Malam," ta ce, "ko gefe ɗaya ba za a iya bari ba? Ko bayan kujera kawai?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Hafsat ta dubi yayarta. Mairama ta ji hannun 'yarta a cikin nata, sanyi ƙalau, ƙasusuwa duk sun fito, sai kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa ido.

Bakin Ummi ya yi murmushi. "Kun ji ko? Ni da ita ba mu da bambanci."

"Akwai bambanci," in ji Mairama, hawaye suna zubo mata. Ta saki hannun, ta miƙe, ta ture kujerar, ta sa farce a saman takardar ta ja. Ƙarar yagewar ta cika gidan.

Malam ya sa aljanar ta yi rantsuwa da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba. Ta rantse, sannan ta ƙara da cewa, "Amma ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ya rage wajen ɗan Adam, zan bi shi duk inda yake." Ummi ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Can ta buɗe ido ta ce, "Mama, yunwa nake ji," da muryarta ta gaskiya.

Bayan sallar magariba suka taru a kan bangon. Aka jiƙa shi da ruwan ɗumi, Baffa yana kankarewa da wuƙa, Mairama da Hafsat suna tsince gutsattsarin suna zubawa a buhu. Aka share falon, aka sake sharewa. Bangon ya fito tsirara, duk tabon gam. Baffa da Malam suka ɗora buhunan da sauran naɗin da ba a liƙa ba a mota suka nufi Challawa.

Hafsat ta yi sallama. Mairama ta rako ta ƙofar gida, ta tsaya tana kallonta tana buɗe mota. Da fitilar cikin motar ta kama, sai ta hango bakin jakar Hafsat a buɗe, da wani abu kore a ninke a ciki, rabin jan rumman yana leƙowa.

Ashe Hafsat, mai gidan Bompai, mai takardar Turkiyya, ita ma da nata abin a ƙirji. Ashe tun ranar walima take kwana da shi. Wani daɗi mai guba ya ratsa Mairama tun daga wuya har ciki, ya ce mata ta yi shiru, ta koma gida ta rufe ƙofa, ai ba ita ta sa ta ba. Motar ta tashi, ta fara gangarawa cikin ramukan layin.

Sai ta tuna jaririyar Hafsat da ke kwance a gidan Bompai.

Ta watsar da silifas ɗinta, ta bi motar a guje cikin kwata da duwatsu, mayafi yana faɗuwa, masu shayi suna miƙewa suna kallo. Ta cim mata a bakin titi inda wata tirela ta tare hanya, ta yi ta dukan gilashin da tafin hannu har Hafsat ta sauke.

"Ba ni," ta ce tana haki.

Hafsat ta buɗe baki za ta musa, sai ta fashe da kuka. Ta zaro takardar ta miƙa mata. "Yaya, wallahi ban san me ya shiga kaina ba. Ban taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba."

"Na sani," in ji Mairama. Ta damƙe ƙyallen a hannu, ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta shiga, ƙafafunta duk caɓo. "Juya motar. Mu bi su Challawa kafin su baro."