Telar Konseye Alamin

"A ɗaga kuma?!"

Almakashi ya suɓuce daga hannun Zinariya ya faɗi kan teburin yanka. Ta zuba wa Alamin ido, shi kuwa ya mayar da nasa kan keken ɗinki kamar yau ya fara ganin keke.

"Zinarina, ki saurare ni..."

"Ina jin ka, Konseye."

In ta kira shi Konseye, to rai ya ɓaci. Haka mutanen unguwar Marjandafak ke kiransa tun da ya shiga majalisar birnin Njamena, amma a bakinta kullum Yaya Alamin ne.

"Ban ce an fasa ba. Kawo lefe kawai za a ɗaga, har manyan jam'iyya su tsayar da wanda zai zama magajin gari. Ni da Falalu muka rage, kin sani."

"An ɗaga da azumi. An ɗaga da babbar salla. Yanzu kuma me na yi?"

"Ba ki yi komai ba, hasken idona. Falalu ne ke bi gida-gida yana cewa ni baƙo ne. Wai in na hau, 'yan Nijar zan raba wa rumfunan kasuwa. Wai ga shaida nan, har matar da zan aura daga Damagaram aka kawo ta."

Nan ne ciwon Alamin yake. Kakan kakansa ya baro Katsina a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Shari, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun ke nan har yau. A nan aka haifi uba, a nan aka haifi ɗa, Larabcin garin ya fi Hausa zama a bakinsu, amma duk ranar da aka tashi rabon wani abu sai an tuna musu cewa masu wucewa ne. Abin haushin, shi ma Falalun jikan mahajjata ne, layinsu ɗaya da Alamin. Ya dai yi sa'a uwarsa Balarabiyar Shuwa ce, shi ya sa yake ta hura hanci.

Ita kuwa Zinariya tana ƙarama mahaifiyarta ta rasu. Mahaifinta Alhaji Buba, mai fatauci tsakanin Damagaram da Njamena, ya kawo ta hannun ƙanwarsa Goggo. A nan ta girma, a nan ta koyi ɗinki, a shagon nan kuma Alamin ya kawo gyaran aljihun riga wata rana, ya yi ta dawowa da aljihunan da lafiyarsu ƙalau.

"Har yaushe zan jira?" ta tambaya.

"Kaɗan ya rage. Ki ɗan rage nuna kin san ni a cikin mutane, shi ke nan. Wallahi ranar da aka kira sunana, a ranar zan tsaya ƙofar gidanku."

Ta sunkuyar da kai.

Hawaye ya ɗiga a kan fuskarsa, ba ta jikinsa ba, ta jikin atamfar da ke shimfiɗe a teburin. Alhaji Buba ne ya sa aka bugo ta a Kano, gudummawarsa ga surukin gobe: shuɗiya, da hoton Alamin yana murmushi a cikin da'ira. Zinariya ce ke ɗinka wa matan kasuwa ita. Duk rigar da za ta yanka sai ta kewaye fuskar, ko yadi zai ɓaci. Zane ma sai ta juya shi yadda hoton zai zo gaba, don ba ta yarda wata ta zauna a kan fuskar mijin da za ta aura ba.

"Na ji, Yaya Alamin. Zan jira."

Da ta koma gida ta faɗa wa Goggo, tsohuwar ta ajiye maficinta.

"Ni tun farko ban so ba, ke da ubanki kuka rufe min baki."

"Goggo, yana sona..."

"Na ce miki ba ya son ki? Yana son ki mana. Amma tafi ya fi ki daɗi a kunnensa, 'yar nan."

Zinariya ta tura baki ta shige ɗaki. Wanda ke cikin so ai ba ya jin irin wannan magana, ko da lasifika aka yi masa ita.

Matan kasuwa suka shirya wa Alamin azuma, irin liyafar nan da mata ke haɗawa don tara wa nasu jama'a, a wani makeken gida a unguwar Mursal. Zinariya ce ta fi kowa wahala: ita ce wajen toya kisar, faffaɗar wainar nan ta mutanen garin, da miyar kuɓewa, ita ce wajen hayar tabarmi. Da la'asar tsakar gidan ya cika maƙil, ko'ina ka duba fuskar Alamin ce ke murmushi a ƙirjin wata. Manyan jam'iyya suka zauna a kujerun gaba, Alamin a tsakiyarsu cikin farar babbar riga, kawunsa Mudi a gefe yana ta yi masa raɗa.

Ta yi kyau a ranar, ita ma ta sani. Ta yafa farar lafaya a kan shuɗiyar rigar, ta ɗauki faranti tana raba shayi. Ba ta kalle shi ba, kamar yadda ya roƙa, amma zuciyarta na wajensa.

Sai ga Shatu matar Falalu ta shigo da zugarta, ba wanda ya gayyace su. Ƙamshin turarenta ya riga ta isa. Ta yi rangaji har gaban mai kiɗa, ta karɓe abin magana daga hannunsa.

"Konseye, barka da taro!" ta ce da Larabci, don kowa ya ji. "Mun ji an ce amaryarmu na nan, 'yar Nijar. Mun zo mu gaishe da uwar garinmu ta gobe. Ko ita ce wannan mai farantin?"

Ta nuna Zinariya da yatsa.



Manyan jam'iyya suka juyo gaba ɗaya. Kawu Mudi ya dafa gwiwar Alamin ya matse.

Zinariya ta ɗago kai. Ba ta ji kunya ba, wani farin ciki ma ta ji yana taso mata. Tunda an tona, ai ɓuya ta ƙare. Yau zai faɗa!

Alamin ya miƙe, ya gyara riga, ya yi dariya.

"Wannan? Haba Hajiya Shatu! Ai telarmu ce. Ita ta ɗinka wa iyayenmu mata kayan nan masu kyau. Jama'a, ku tafa mata!"

Aka kuwa tafa.

Har da guɗa.

Matan da suka san gaskiya ma suka tafa, idonsu a ƙasa. Zinariya ta tsaya da faranti a hannu, da hotonsa a ƙirjinta, ana tafa mata. Ta ji kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, amma ba ta yar da ko kofi ɗaya ba. Ta taka har gabansa ta rusuna.

"Shayi, Konseye."

Ya ɗauka. Ta bi manyan ɗaya bayan ɗaya ta ba su, har Shatu ta miƙa wa. Sannan ta ajiye farantin, ta fita ta tare ɗan kalando, ta haye bayan babur. Sai da suka bar Mursal kukan ya ƙwace mata, mai babur na ta tambaya ko rasuwa aka yi.

Zazzaɓi ya kwantar da ita. Goggo ba ta ce "na faɗa miki" ba, ta dai yi ta jiƙa tsumma tana ɗora mata a goshi. Wayar salular da Alamin ya saya mata, lokacin wayar ba ta daɗe da shigowa gari ba, ta yi ta kuka a ƙarƙashin matashi. Zinariya ba ta ɗauka ba, ba ta kuma kashe ba. Gaskiyar magana, son shi bai ragu da ko ƙwayar gero ba, kuma wannan ne ya fi komai ƙona mata rai.

Ranar da labari ya fito, ƙahon motoci ne ya sanar da ita. Unguwa ta ɗauka: an tsayar da Alamin! Falalu ya sha ƙasa! Mata suka fito layi suna guɗa cikin rigunan da ta ɗinka. Tana kwance ta ji bakinta ya ce alhamdulillahi, ba da shawararta ba.

Washegari da hantsi tana tsakar gida tana tsintar shinkafa, aka ƙwanƙwasa ƙaramar ƙofar baya, wadda ake fitar da shara ta cikinta. Goggo ta buɗe.

Shi ne.

Ya durƙusa ya gaida Goggo. Ta amsa a daƙile ta koma bakin murhu, inda za ta ji komai.

"Zinarina..."

"Barka da nasara, ranka ya daɗe."

"Don Allah kar ki kira ni haka. Ban yi barcin kirki ba tun ranar. Na cuce ki, na sani. Kawu ya danne ni, manya na kallona, da na ce ke ce da komai ya rushe... Ki yafe min, masoyiyata!"

Idonsa ya kawo ruwa. Nata ma ya kawo. Ta ji zuciyarta na narkewa kamar man shanu a rana.

"Yanzu fa ya wuce," ya ci gaba da sauri. "Na yi magana da wani malami a Kusuri, can Kamaru. Mu tsallaka gada, a ɗaura a can, shaidu biyu sun isa. Na kama miki gida nan Njamena, a unguwar Milezi, wajen shiru ne. In abubuwa suka lafa sai a sanar."

Ta daina tsintar.

"A Kusuri? A wata ƙasar?"

"Na ɗan lokaci ne. Falalu bai haƙura ba, kin san..."

"Ina motarka?"

"Na'am?"

"An ce an ba ka mota mai tuta. Ina ka ajiye ta?"

Ya sosa ƙeya. "Tana can... bayan kasuwa."

Ta ture farantin shinkafar, ta miƙe ta yafa lafaya.

"Na yafe maka, Yaya Alamin, har cikin raina. Ba na son lefe, ba na son biki. Abu ɗaya nake roƙo. Mu fita ta ƙofar gaba, ni da kai, ka raka ni zuwa motar. Ba sai ka ce wa kowa komai ba. Mu dai taka tare, a gan mu."

Ya dubi zauren. Daga waje ana jin hirar masu shayi a ƙofar gida, rediyonsu na ta ambaton sunansa.

"Zinariya, yau idon kowa na kaina..."

"Shi ya sa na ce yau."

"Ki bari gobe. Wallahi gobe..."

Ta dube shi sosai, irin kallon da ake yi wa mai tafiya mai nisa. Sannan ta wuce ta buɗe masa ƙofar baya.

"Allah ya taya ka riƙo."

"Zinarina, kar ki yi min haka! Ina son ki!"

"Na sani. Ni ma haka. Sauka lafiya."

Ya tsaya, ya tsaya, kamar zai juya ya nufi zaure. Sai ya sunkuya ya fita ta inda ya shigo.

Goggo ta taso za ta rungume ta, ta zame. Ta bi ta zaure da gudu, ta fito ƙofar gida ta tsaya a rana, ko takalmi babu. Daga bayan kasuwa zuwa ofishinsa, layinsu ne hanya mafi kusa. Ko rage gudu ya yi, ko hannu kawai ya ɗaga mata a gaban masu shayin nan, ta rantse a ranta za ta bi shi har Kusurin.

Ta tsaya har ƙasa ta fara ƙona mata tafin ƙafa.

Motar ba ta biyo ta layinsu ba.