Kalmar da Tanimu Ya Jefa wa Gulbi

Rana ta yi ja, an fara kiran magariba a Sabon Gari, Saudatu na tuƙa tuwo, sai wani abu ya faɗo bisa kwanon ɗaki. Ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Da na biyu ya faɗo gaban murhu ta duƙa ta duba: curin laka ne, jiƙe sharkaf, yana warin gulbi. Alhali Maraɗi ta kwana biyu ba ta ga ɗigon ruwa ba, gero har ya fara naɗe ganye.

Mijinta Tanimu ma'aikacin awon ruwa ne. Safe da yamma yakan hau moto, wato babur ɗinsa, ya je bakin gulbi wajen Jiratawa, inda aka kafa wani dogon ƙarfe mai zane-zane, ya duba inda ruwa ya kai, ya buga wa biro, wato ofishinsu, waya: ya hau, ko ya sauka. Da maganarsa ake sanar da masu lambu, tun daga Maraɗi har Tsibiri, su kwashe injinan ban-ruwa da dabbobi daga fadama kafin ambaliya ta iso.

Jifan ya ci gaba, kullum da almuru. Randa ta shiga cika da kanta. Sai abin ya koma kan ɗiyarsu Zuliha, budurwa mai yawan surutu. Ta daina magana. Takan tsaya tsakar gida ƙyam kamar an kafa ta, zanenta jiƙe zuwa idon sawu. Washegari zuwa ƙwauri. A canza mata zane, danshin ya dawo daidai inda ya tsaya. Likita ya duba, bai ga komai ba. Ranar da ya kai ƙirji, numfashinta ya fara sarƙewa irin na mai nutsewa.

"Malam," in ji Saudatu, murya ƙasa-ƙasa, "kai ka san awon ruwa. Dubi ɗiyarka. In ya kai hanci fa?"

Tanimu ya hau moto ya fita. Daga awon safe ya zarce Tsibiri, ya ɗauko Malam Gado, tsohon da aka sani da irin wannan aiki.

Bayan la'asar Malam ya yi alwala, ya zauna gaban yarinyar, ya shiga karatu a hankali. Kaji suka yi tsit. Can sai bakin Zuliha ya buɗe, wata murya ta fito, mai kauri, kamar ruwa na shiga tulu.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wa ya aiko ka gidan nan?"

"Ba a aiko ni ba, kirana aka yi. Tambayi mai ƙarfe."

Nan take Tanimu ya tuna. Wata yamma ya ɗauko Zuliha daga gidan kakarta a Jiratawa, ya tsaya awo. Gulbi ya kusa ƙafewa, manoma sun yini suna tare shi da "yaushe?" kamar shi ke riƙe da hadari. Cikin haushi ya daki ƙarfen, ba ko bisimilla, ya ce, "Kai, hau mana! Mi kake jira?"

"Da ruwa nake!" in ji Tanimu.

"Ba ka ambaci suna ba. Ni ke zaune gindin ƙarfen. Na waiga, ban ga abin hawa ba sai ita." Muryar ta yi wata 'yar dariya. "Mai cewa a hau shi ke cewa a sauka. Ɗauki wayarka, gaya wa manyanka ya sauka, in ji da kunnena, in tafi."

Tanimu ya ciro wayar, ya tsaya yana kallonta. Da safen nan ya ga ruwa ya fara zuwa ja wur, an sha ruwan sama a kudu. In ya ce ya sauka, mutanen Tsibiri za su kwana a fadama da 'ya'yansu.

"Faɗa mana!" Saudatu ta fashe da kuka. "Kalma ɗaya ce!"

Malam Gado ya ɗaga mata hannu, ya juya ga mai magana ta bakin yarinyar. "Bawan Allah, kana salla?"

"Ina yi," in ji muryar.

"To, ina ka taɓa jin mai salla ya sa ɗan'uwansa ƙaryar da za ta ci rayuka? Kuma ta waya aka kira ka? Inda aka kira ka, can za a sallame ka."

Danshi ya taɓa wuyan yarinyar.

"Na yarda," in ji muryar. "Amma kalmar nan ta 'hau', kada ta sake fita bakinsa a bakin gulbi. In ya sake, ba zan tambayi wa yake nufi ba."

Tanimu ya ja moto, ya isa rana na faɗuwa. Ruwa na gudu, yana dukan ƙarfen. Ya yi sallama, ya yi bisimilla, ya ɗora hannu a kan ƙarfen. "Kai da na kira bisa kuskure, don girman Allah, sauka." Sa'an nan ya buga wa shugabansa na biro. Kalmar da ya saba ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Shef, ruwa ya ƙaru ƙwarai. A sanar da Tsibiri yanzu."

A gida, daidai lokacin, Zuliha ta yi atishawa. Randa ta tsage, ruwa ya malale tsakar gida. "Inna," ta ce, "sanyi nake ji."

Ambaliya ta zo ta tarar fadama babu kowa. Har yau a biro suna tsokanarsa da Malam Ya-Ƙaru, shi kuwa ba ya dariya. Saudatu ma, duk almurun damina, kafin ta hura wuta, sai ta duƙa ta taɓa bakin zanen ɗiyarta.