Iyalin Gwaji

A ƙarƙashin teburinta ta fara ganin sabon injiniyan ofis, yana laluben soket. Ya ɗago, kansa ya bugi katako, sai ya ce mata sannu kamar ita ta bugu. Ta yi dariya har da ƙwalla. Tun ranar bai ƙara iya haɗa ido da ita ba.

Aikinta tsara wa mutane tanadin karatun yara, ginin gida da ranar ritaya. Nasa kuwa ya haɗa manhajar da suke aiki da ita a intanet da wayoyin kwastomomi, ya rubuta wa manhajar umarni ta riƙa tura wa kowa tsarinsa. Wata huɗu, daga "ina kwana" sai "kin ci abinci?" Tana sonsa ƙwarai, amma ta fara fid da rai.

Ranar wata Litinin Baba ya kira ta gida da gaggawa. Ta same shi a falo rai a ɓace, ya miƙo mata wayarsa:

"Barka! Tsarin iyalin 'yarku ya kammala. Miji: injiniyan kamfani. Aure: nan da wata shida. 'Ya'ya: uku. Danna nan don ganin sauran."

"Wa ya ba da ke ban sani ba?" in ji Baba.

"Wallahi Baba, ni ma yanzu nake ji."

"To wa zai sani? Ni?"

Mama ta leƙo ta ce, "Kuma uku kacal?"

Kanta ya kulle. Ta rubuta wa injiniyan: "Malam, ashe aurenmu saura wata shida?"

Amsa ta zo a guje: "Na shiga uku! Iyalin gwaji ne na ƙirƙira don in ga ko haɗin na aiki. Na kwafo bayananki, ashe da lambar Baba a ciki. Na manta ban kashe umarnin ba."

"Duk ofishin nan, sai ni?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa. "Na gwada da wasu, amma ke ce Hasken Ofis. Hannuna ya ƙi."

Ta rasa ko fushi za ta yi ko murmushi. Baba kuwa, da ta nuna masa amsar, ya rantse ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya ƙirga masa jikoki kafin ya gaishe shi ba, kuma gobe sai ya kai ƙara wurin manaja.

Da yamma injiniyan ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, gumi sharkaf. Baba ya gyara tabarau, ya ce bari ya karanta ɓarnar duka a gabansa. Ya danna. Hayar gida, kujeru, makarantar yara, yana karantawa yana tsaki. Sai ya tsaya a kan wani layi.

"Mene ne wannan 'maganin ƙafar Baba, kowane wata'?"

"Na taɓa ji tana waya da mai kemis, Baba. Na ga tsarin bai cika ba in babu shi."

Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ita kam hawaye kawai take yi.

"Tashi ka turo iyayenka," ya ce. "Kuma ka gyara ukun nan, uwarta ba ta yarda ba."

Wata shida cif aka ɗaura, kamar yadda manhajar ta faɗa. Da Baba zai sa musu albarka, ya dafa kan angon ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya. Wannan karon ba gwaji ba ne."