Ƙafar Da Roscoe Yake Bi

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina, don karatuna bai yi nisa ba. Amma teburin guga ɗaya muke da Odessa Pettiford a gidan wanki a nan Kansas City, kuma a gabana aka yi kusan komai.

Wata Lahadi da la'asar muka ja ta zuwa zauren rawa. Ta ƙi shiga fili. Ta lafe jikin ginshiƙi tana kallon samari suna juya 'yan mata, ƙafarta ta dama tana buga ƙasa ba da saninta ba.

Da aka tafi hutu, mai gangar ya sauko yana share gumi, ya tsaya a gabanta. Roscoe Tull sunansa. Ya ce mata kowane mai ganga yakan zaɓi ƙafa ɗaya a cikin taro ya bi ta, domin kiɗan suwing in ya yi sauri mutane gajiya suke yi, in ya yi sanyi su koma kujera. Yau tata ya bi.

"Ni da ko rawar ban yi ba?"

"Ai shi ya sa. Masu rawa burge juna suke yi, ke kuwa ji kike yi. Daga yau ke ce agogona."

Ta rasa inda za ta sa idonta.

Tun daga nan Roscoe ya zama mai yawan wanki. Kowane mako sai ya kawo riguna, wasu ma ba su yi datti ba, kuma a aljihu akwai 'yar takarda. Ɗaya ta ce: "Agogona, tun Litinin nake makara a komai. Ki zo Lahadi ki saita ni. Naki, Roscoe."

Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yana gyara wa fasinjoji gado. Da maganar ta kai kunnensa bai ɗaga murya ba. Ya ce ya sha ganin makaɗa a tashoshi, ƙungiya ta watse an bar su da akwatin ƙaho, matansu na gida suna leƙen taga. Shi kansa tafiya ta cinye masa rabin rayuwa, uwarta ta rasu yana kan hanya. Ba zai ba da 'yarsa ga wani matafiyin ba.

Odessa ta buɗe baki, ta ga ba ƙarya ya faɗa ba, ta ce, "To, Baba." Ta daina zuwa zauren.

Ba a jima ba Lurline, gwanar rawar unguwa, ta kawo kayanta wanki. Ta jingina da teburin karɓar kaya tana faɗa da ƙarfi cewa idon Roscoe ba ya barin ƙafafunta yanzu, har abin ya fara ba ta kunya. Odessa ta ci gaba da guga, kanta a ƙasa, sai da ƙaurin wuyan riga ya tashi.

Ranar Alhamis Roscoe ya tare Odessa a ƙofar baya. Ya ce gaskiya ne, shugaban ƙungiyarsu ta makaɗa ne ya ce ya bi ƙafar Lurline. Ita kuwa gudu take yi kamar ana korarta, kiɗa ya haukace, mutane suka bar fili suka yi da'ira suna kallo suna tafi. Shugaban ya ji daɗin tafin, ya ce ranar Asabar za su tafi Chicago, su riƙa kiɗa a gidajen kallo.

"Dessa, ki ce wani abu mana."

In ta ce ya zauna, ta raba shi da abin da ya fi iyawa a duniya, kuma mahaifinta na nan kan bakansa. In ta ce ya tafi, shi ke nan.

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ta koma ciki da sauri kafin ya ga fuskarta.

Asabar ta zo ta wuce. Odessa ta yi guga, ta yi girki, ta je coci, ba ta iya tuna ko ɗaya ba.

Ranar Talata mahaifinta ya dawo daga aiki. Yana cin burodin masara, ya ce ashe a jirginsa makaɗan suka tafi. Ya ga yaron nan a tasha yana taya su loda kaya, amma da aka busa usur sai ya ja baya. Ya tambaye shi ko ba ya hawa.

"Me ya ce, Baba?"

"Wai inda za su kujeru a kafe suke da ƙusa, shi kuma bai san yadda ake yi wa mutum a zaune kiɗa ba." Ya goge baki. "Na ce to me zai ci? Ya ce ya sami aiki a mayanka, Lahadi kuma zai buga wa 'yan unguwa. Ki ce ya zo cin abinci. Ya fara biyowa ta coci."

Cokalin hannunta ya faɗi.

Da damina aka ɗaura auren. Bayan coci aka wuce zauren, wani ya hau kan ganga, aka turo ango da amarya tsakiyar fili. A nan asiri ya tonu: Roscoe bai taɓa rawa ba a rayuwarsa, kullum yana bayan ganga. Ya taka mata ƙafa ta hagu, ya ba da haƙuri, ya taka ta dama.

"Roscoe, amarya ce, ba ganga ba!" in ji wani mai busa.

"Kar ka kula su, masoyi," ta ce a hankali. "Riƙe ni kawai."

Mahaifinta ya dafa kawunansu, ya ce Allah ya zaunar da su wuri ɗaya, ya sa kowace yamma ta same su a gida. Zaure ya amsa da amin.

Washegari Odessa ta riga shi tashi. Ta jiƙa ƙafafunta a ruwan ɗumi, ta soya ƙwai, ta ture teburin cin abinci zuwa bango. Sannan ta je ta tashe shi, ta ce ya sa takalmi, akwai darasi kafin karin kumallo.