Wutar da Ta Bi Hayaƙi

Rana ta faɗi, kaji sun shige akurki, Inna tana tsakar gida tana kwashe shanya. Mai gidan, wanda walda ce sana'arsa, ya dawo a gajiye, idanunsa jajur. Ya nufi ɗakin ajiya zai rataye wayoyin aikinsa, sai ya ji dariya a ciki.

Auta ce, 'yarsu mai shekara sha biyar, durƙushe gaban kyandir. Ta jingina wayar Inna da tsohon bokiti, wani mutum mai farar riga yana bayani a cikin bidiyo. Kullum da yamma aikinta ke nan: kallon masu gwajin kimiyya, yau ruwa ya sauya launi, gobe kumfa ta cika tebur, ita kuma ta kwaikwaya da kayan kicin.

Yana tsaye ta hure kyandir ɗin. Hayaƙi ya miƙe siriri. Ta kai ashana mai ci can saman hayaƙin, nesa da lagwani, sai wutar ta biyo hayaƙin ta sauko, kyandir ya sake kamawa.

"Baba, ka gani? Ai hayaƙin nan kakin ne da bai gama..."

Bai bari ta ƙarasa ba. Mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana wasa da tartsatsi, wutar kyandir ce ta tayar masa da tsikar jiki, kuma shi idan ya tsorata faɗa yake yi. Ya fizgi wayar ya rotsa ta da bango.

"Tsafi a gidana? Da magariba? Daga gobe kin bar ajin kimiyyar nan!"

Inna ta ce, "Wayata ce fa ka fasa."

Ko kallonta bai yi ba.

Washegari da magariba jifa ta fara. Duwatsu ƙanana suna sauka kan kwanon rufi ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar mai jifan ba ya sauri. Mai gida ya zagaya da tocila yana zagin 'ya'yan maƙwabta, bai ga kowa ba. Bayan haka aka fara jin tsaki daga ɗakin ajiya, dogon tsaki na wanda aka ɓata wa rai. Ƙofar ta riƙa bugawa alhali ko ganye ba ya motsi.

Auta ta daina cin abinci. Sai ta zauna ta ƙura wa bango ido, idanun suna bin wani abu da babu shi, can ta fashe da dariya da wata murya mai kauri. Ranar da ta ɗaga buhun siminti da hannu ɗaya ta wurga wa ubanta, Inna ta yafa mayafi ta tafi ta kira malamin ruƙiyya, ba ta nemi izinin kowa ba.

Malamin dattijo ne mai sanyin magana. Ya zauna a bakin tabarma ya fara karatu a hankali. Gidan ya yi tsit. Auta ta sandare, ta toshe kunnuwa, sannan bakinta ya buɗe, muryar nan mai kauri ta fito.

"Ya isa, malam! Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, me ka zo yi jikin yarinyar nan?"

"Tun kafin a aza tubalin gidan nan nake wurin. Na taɓa damun wani? Tambaye su. Yarinyar nan ta riƙa zuwa ɗakina da akwatinta mai haske, ina leƙe ta bayan kafaɗarta. Na ga ƙarfe yana yawo a kan ruwa yana ci da wuta. Na ga an daskarar da fure an farfasa shi kamar tangaran. Na tsufa ban ga irin wannan ba! Sai wannan mai baƙin halin ya zo ya fasa mana."

Mai gida ya zaburo. "Ni kake zagi a gidana?"

"Kai fa! Ka tambaye ta yadda abin yake? Ni da nake aljani na saurara, kai uba ka kasa."

Malam ya ɗaga hannu. "To jikinta fa, me ya kai ka?"

"Duk abin da ta kalla yana nan cikin kanta. A nan nake ƙarasa kallona."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Auta ta yi ta birgima tana ihu, Inna na riƙe da ƙafafunta tana kuka. Da wuya ta yi wuya, muryar ta dawo a shaƙe.

"Zan fita. Amma ba zan tafi hannu rabbana ba. Ku bar ni in kwashe abin kallona daga kanta, da son da take yi masa, in bar muku gidan har abada."

Malam ya ce, "Ba a ciniki da ku. Za ka fita ne ba tare da..."

"Kwashe!" in ji mai gida. "Kwashe ka tafi da tsiyarka! Dama shi ya jawo mana."

"Uba ya bayar," muryar ta ce.

Auta ta yi atishawa, jikinta ya saki. Malam ya dubi mai gida ya daɗe, ya naɗe abin sallarsa ya fita, ko sallama bai yi masa ba.

Jifa ta tsaya. Auta ta warke sarai, tana ci tana sha, tana gaida kowa da ladabi. Sai dai gidan ya mutu. Babu mai ƙarar wa Inna da gishiri, babu mai tare ubanta a ƙofa da tambaya. Malamar kimiyya ta zo har gida ta roƙa a mayar da yarinyar aji, Auta ta ce duk yadda aka yi daidai ne. Inna ta daina yi wa mijinta magana sai dole, kuma babu wanda ya ga laifinta.

Abin ya ci mai gida. Wata yamma ya shigo da sabuwar waya, ya riga ya sa yaron shagon wayar ya nemo masa irin bidiyon. Ya zauna kusa da 'yarsa, ya kunna, a cikin bidiyon kumfa mai launi ta yi tsiri har rufin ɗaki.

"Auta, dubi nan. Yaya aka yi haka? Gaya min, ina jin ki."

Ta duba har ya ƙare, ta miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Ban sani ba, Baba. In je in ƙarasa wanke-wanke?"