Tambulan Shida a Manfuha

Da Baturen injiniyan da Arzika yake tuƙawa a unguwar Nasiriya zai koma ƙasarsu, ya bar masa tambulan shida, gajeru, masu faɗin baki da kaurin ƙasa. Arzika ya kawo su gida unguwar Manfuha, can ƙasar Larabawa inda suke zaman ci-rani, ya ce wa matarsa, Turai, wai na shan ruwa ne. Ta wanke su, ta jera a taga, don tana son yadda hasken yamma yake kwanciya a cikinsu.

Da magariba 'yarsu Zaituna ta ɗauki ɗaya, ta yi bismilla, ta sha ruwa. Sai aka ji ƙanƙara tana bugun gilashi a hankali. Gidan kuwa ko firji babu.

Kwana tara Zaituna ba ta yi magana ba. Duk faɗuwar rana tsakuwa takan zubo a kan rufi, wani wari mai kaifi ya cika ɗakin. Turai ba ta san warin ba. Arzika ya san shi, na giyar wiski ne. Ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, domin in maƙwabta suka ji, bulala ce, iƙama, takardar izinin zama, kuma ta tafi. Suka zauna suna kallon yarinyar tana ramewa.

A rana ta goma Turai ta ɗauki mayafi, ta kira Malam Dabo, wani dattijo ɗan ƙasarsu mai karatu a jami'a. Ya zauna kusa da kan yarinyar, ya daɗe yana karatu. Can bakinta ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Shekara ashirin ina shan ragowar Nasara a tambulan ɗina. Bai taɓa ambaton Allah a kansa ba. Wannan ta ambata, ta ƙona mini gida."

"Me kake so?" in ji Malam.

"A cika mini shi sau ɗaya."

"Ba a gidan Musulmi ba."

Muryar ta sassauto.

"To a ba ni shi fanko, in koma ciki. Amma nawa, ba wani ba. In aka miƙo wani, na zauna a nan ke nan."

Turai ta dubi taga. Tun ranar farko ta sake wanke su, ta cuɗanya. Shida ne, duk kamarsu ɗaya.

"Baban Zaituna," ta ce cikin raɗa, "wa zai iya sani?"

Shekara huɗu Arzika yana gaya mata tuƙi kawai yake yi. Ya miƙe. Bai ko duba su ba. Ya riƙa ɗaga su ɗaya-ɗaya yana jin nauyinsu a tafin hannu, yana shafa bakinsu da babban yatsa. A na huɗu ya tsaya, ya miƙa shi.

Muryar ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Sannu, mai zuba mana."

Zaituna ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Inna, ƙishi."

Malam ya naɗe tambulan ɗin a ƙyalle, ya ce a binne shi a hamada, hanyar Kharj. Ya fita bai dubi Arzika ba.

Turai ta shayar da 'yarta da kofin silba. Ba ta tambayi mijinta komai ba, ran nan ko bayansa. Sai dai da ta zuba tuwo, ya miƙo hannu zai karɓi tulu ya tsiyaya mata ruwa kamar kullum, ta riƙe tulun.

"Bar shi," ta ce. "Zan zuba da kaina."